Ƙananan hukumomin tsibiran Sikotlan: da me za a auna ci gabansu?

Malam Sani:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattauna aikin ƙaramar hukuma a wurin da teku ya kewaye jama'a ta kowace fuska. A arewa da yammacin Sikotlan akwai ƙananan hukumomi uku waɗanda dukkan yankinsu tsibirai ne, wato Shetland, da Orkney, da Tsibiran Yamma waɗanda majalisarsu ke zama a garin Stornoway. An kafa su a 1975, kuma babu wadda mutanenta suka kai 30,000: Shetland na da kimanin 23,000, Orkney kimanin 22,000, Tsibiran Yamma kuwa kimanin 26,000. Duk da ƙarancin jama'ar, doka ta ɗora musu irin nauyin da ta ɗora wa majalisar babban birni kamar Glasgow, daga makarantu da hanyoyi da kwashe shara har zuwa kula da tsofaffi da ba da izinin gini. A Shetland da Orkney ma an ƙara musu da tashoshin jiragen ruwa da jiragen fito masu kai mutane tsakanin tsibiri da tsibiri.

Abin da nake so mu duba shi ne ma'aunin ci gaba. Idan aka tsaya a Lerwick, babban garin Shetland, ko Kirkwall, babban garin Orkney, za a ga manyan makarantu da tituna masu kyau, a ce hukuma ta yi aiki. Amma Shetland na da tsibirai 16 da mutane ke zaune a kansu, Orkney kuwa kimanin 20, kuma a ganina ba a san ƙoƙarin hukumar tsibiri ba sai an duba halin mutumin da ke zaune a tsibiri mafi nisa, wanda iska kaɗai ke iya raba shi da likita da makaranta da kasuwa na tsawon kwanaki.

Alhaji Umaru:

Wa alaikumus salam, Malam. Batun yana da kyau, sai dai ni zan fara daga kuɗi, domin duk wata hidima da aka ambata a nan kuɗi ne ke tafiyar da ita. Harajin gidaje da waɗannan hukumomi ke karɓa ɗan kaso ne kawai na abin da suke kashewa, mafi yawan kuɗin daga gwamnatin Sikotlan da ke Edinbara yake zuwa. Abin da ya ɗaga Shetland shi ne hangen nesan da shugabanninta suka yi lokacin da aka gano mai a Tekun Arewa. Majalisar wancan zamanin, ƙarƙashin babban jami'inta Ian Clark, tare da goyon bayan wakilinsu a majalisar Birtaniya, Jo Grimond, ta nemi doka ta musamman daga majalisar dokokin Birtaniya, aka kuwa zartar da ita a 1974. Dokar ta ba ƙaramar hukumar ikon mallakar filaye, da iko da tashar jiragen ruwa, da ajiye kuɗi a asusu na musamman. Da wannan ƙarfi ta tattara kamfanonin mai a wuri guda, a Sullom Voe, inda mai ya fara isowa a 1978, ta kuma sa suka riƙa biyan diyyar takura wa jama'a. Daga wannan kuɗi aka kafa asusun amana wanda ya gina gidajen kula da tsofaffi a ƙauyuka da cibiyoyin wasanni da ninƙaya har a tsibiran Unst da Yell da Whalsay.

Tsibiran Yamma ba su samu irin wannan gata ba. Saboda haka idan za mu auna, mu auna kowace hukuma da abin da ke hannunta, kada mu ɗora wa mai ƙaramin ƙarfi laifin talauci.

Hajiya Binta:

Alhaji, ban musa maganarka ba, amma ita Shetland ɗin mai arziki ce ta rufe sashen sakandare na tsibirin Skerries a 2014, sashen da ɗalibansa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Tun daga lokacin, yaron da ya gama firamare a can sai ya tafi Lerwick ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai, ya riƙa komawa gida a ƙarshen mako idan teku ya yi kyau. Duk uwa ta san abin da ke cikin sallama da yaro ɗan shekara 11 ko 12 a bakin tasha. Iyaye da yawa ba za su jure ba, sai su kwashe iyalin gaba ɗaya su bi yaron, kuma ranar da iyali ɗaya ya tashi daga tsibirin da mutanensa ba su kai ɗari ba, to an rasa ma'aikacin jirgin fito, an rasa mai kula da tsofaffi, an rasa ɗan sa-kai na kashe gobara, duk a tashi ɗaya. Ba a jima ba ita ma firamaren ta rasa ɗalibai. A takardar kasafi an tsimi kuɗi, amma tsibirin ya yi asarar da ba ta shiga takarda ba.

Alhaji Umaru:

Hajiya, ina jin zafin abin kamar yadda kike ji. Amma a tuna cewa a 2010 hukumar binciken asusun ƙananan hukumomi ta Sikotlan ta yi zaman sauraron bahasi a Lerwick kan yadda ake tafiyar da majalisar Shetland, kuma a waɗannan shekaru majalisar na cin ajiyarta fiye da ribar da ajiyar ke kawowa. Da an ci gaba a haka, da asusun da aka tara saboda jikoki ya ƙare a hannun kakanni. Kansilan da ya ƙi rage kashe kuɗi a yau, gobe ba makaranta ɗaya zai rufe ba.

Nasiru:

Iyayena, ina neman izini in yi tambaya, kuma a gafarce ni idan ta yi kaifi. Tunda hidimar ƙaramin tsibiri tana da tsada haka, me zai hana hukuma ta gina wa mutanen gidaje a babban tsibiri, kusa da asibiti da makaranta, a huta da kashe kuɗi kan jirgi da tasha saboda mutane hamsin?

Malam Sani:

Nasiru, tambayarka ba ta yi kaifi ba, domin an taɓa yin abin da kake faɗa. A watan Agusta na 1930 aka kwashe mutane 36 da suka rage a St Kilda, wani tsibiri mai nisa a yammacin Tsibiran Yamma, bisa roƙon su kansu, bayan matasa sun ƙaura, rashin lafiya ya yi musu yawa, kuma babu jirgin da za a dogara da shi a lokacin hunturu. Aka kai su babban yankin Sikotlan aka rarraba su, mazan da suka tashi a tsibirin da babu bishiya aka ba su aikin gandun daji. Mutanen sun rayu, amma al'ummar ta watse, kuma har yau ba a sake kafa gari a wurin ba. Duk wani mazaunin ƙaramin tsibiri a can ya san wannan labari, shi ya sa idan ya ji ana maganar rage zirga-zirgar jirgi hankalinsa ke tashi.

Sannan ba daidai ba ne a ɗauka cewa ƙananan tsibirai karɓa kawai suke yi. Mafi yawan manyan jiragen kamun kifi na Shetland na mutanen Whalsay ne, tsibirin da mazaunansa kimanin 1,000 ne. Gonakin kiwon kifin salmon da ke kewayen Yell da Unst suna fitar da kaya masu yawa, kuma a kan jirgin fito na ƙaramar hukuma motocin ke ƙetarewa. A Unst ɗin ne aka ba tashar harba kumbo ta SaxaVord lasisi a watan Disamba na 2023. Wanda ya kwashe mutanen waɗannan wurare ya kwashe wani ɓangare na arzikin babban tsibirin ma.

Injiniya Kabiru:

Malam ya kawo mu inda nake jira, wato maganar jirgin fito. A tsibiri jirgin fito shi ne titi, shi ne motar asibiti, shi ne motar makaranta, kuma yana cinye kaso mai nauyi a kan ƙaramar hukuma. Mutumin Unst da ke son zuwa Lerwick sai ya hau jirgi zuwa Yell, ya ratsa Yell da mota, ya sake hawa wani jirgin kafin ya taka babban tsibiri. Idan injin jirgi ɗaya ya lalace, ko ma'aikata suka yi ƙaranci, ko iska ta yi ƙarfi, duk lissafinsa na ranar ya rushe. Da yawa daga jiragen Orkney da na Shetland sun haura shekara 30 suna aiki, gyaransu na ƙara tsada, kuma sayen sababbi ya fi ƙarfin hukumar da ke da mutane 22,000. Ku duba Fair Isle na Shetland, tsibirin da mazaunansa kimanin 60 ne: jirginsu, Good Shepherd na huɗu, tun 1986 aka ƙera shi, fasinja 12 yake ɗauka, kuma sai a watan Janairu na 2023 gwamnatin Birtaniya ta ware kusan fam miliyan 27 domin sabon jirgi da gyaran tashoshi.

Ni ra'ayina shi ne duk inda za a iya haɗa tsibiri da hanya ta dindindin, a haɗa shi. Majalisar Tsibiran Yamma ta bi wannan hanya duk da ƙarancin kuɗinta: an cike mashigin ruwa aka shimfiɗa titi zuwa Vatersay a 1991, an gina gadar Scalpay a 1997, an haɗa Berneray a 1999, sannan Eriskay a 2001. Kafin titin Vatersay, makiyaya kan sa shanunsu su yi iyo su ƙetare zuwa tsibirin Barra da ke maƙwabtaka da su idan za a kai su kasuwa. Idan kuma aka duba tsibiran Faro, masu cin gashin kansu a ƙarƙashin sarautar Danmak, waɗanda mutanensu kimanin 54,000 ne, za a ga sun haƙa hanyoyin mota a ƙarƙashin teku har guda huɗu: ta Vagar a 2002, ta tsibiran arewa a 2006, ta Eysturoy a 2020 wadda har shataletale ke cikinta, da ta Sandoy a 2023. Jirgi kan tsufa a sake saye, a riƙa biyan mai da albashin matuƙa kullum, amma ramin hanya idan aka haƙa shi, jikoki ma za su bi ta ciki. Shi ya sa mutanen Yell da Unst suka kafa ƙungiyoyin neman a haƙa musu nasu, kuma ina tare da su.

Malama Zainab:

Injiniya, lissafinka na injiniyoyi ne, kuma yana da ƙarfi, amma akwai abin da ya kamata a ƙara a kai. Titin da ke kawo mutane shi ne kuma ke fitar da hidima. Scalpay ta samu gada a 1997, aka rufe makarantarta a 2012. Eriskay ta samu titi a 2001, aka rufe makarantarta a 2013. Da zarar an haɗa ƙaramin tsibiri da babba, sai jami'in kasafi ya ce ai yanzu ba tsibiri ba ne, yara su hau bas, marasa lafiya su je babban gari, kanti ma ya rasa masu saye saboda kowa na iya tuƙawa zuwa babban shago. Gidajen suna nan, mutane na kwana a cikinsu, amma wurin haɗuwar jama'a ya tafi. Ba ina cewa kada a gina gada ba ne. Ina cewa ne hukumar da za ta gina gada ta faɗa wa jama'a tun farko abin da za ta bari a tsibirin da abin da za ta ɗauke, domin su yanke shawara idonsu a buɗe.

Injiniya Kabiru:

Malama, ki haɗa maganarki da ta Hajiya Binta ki gani. Yaron Eriskay yana hawa bas da safe ya dawo ya kwana a ɗakin mahaifiyarsa, yaron Skerries kuwa sai ƙarshen mako. A cikin rufe makaranta biyu ɗin, ɗaya ya raba iyali, ɗaya bai raba ba, kuma titi ne ya kawo bambancin. Mace mai naƙuda da tsakar dare ba ta jiran a taso matuƙin jirgi daga barci idan akwai titi.

Inda maganata ba ta kai ba shi ne tsibirai irin su Fair Isle da Foula da North Ronaldsay, waɗanda nisansu ya wuce a yi musu gada ko rami. Waɗannan sai jirgi mai inganci da ƙaramin jirgin sama, irin wanda ke tashi tsakanin Westray da Papa Westray a Orkney, tafiyar da ba ta wuce minti biyu ba, wadda malamai da ɗalibai da ma'aikatan lafiya ke dogaro da ita. Sannan gwamnatin Faro tana da ikon karɓar haraji da cin bashi da kanta, tana kuma karɓar kuɗin wucewa a ramukan, ikon da ya zarce na ƙaramar hukuma a Sikotlan nesa ba kusa ba.

Hajiya Binta:

Duk muna maganar hanya, amma a tambayi wanda zai bi hanyar. Ƙidayar 2022 ta nuna cewa mutanen Tsibiran Yamma sun ragu da kashi 5.5 cikin ɗari daga 2011, raguwa mafi girma a duk ƙananan hukumomin Sikotlan, alhali a farkon ƙarni na 20 sun haura 46,000. Waɗanda ke tafiya matasa ne, waɗanda ke zama tsofaffi ne, kuma kula da tsoho a gidansa aikin ƙaramar hukuma ne. Ana iya ware kuɗin albashi a kasafi, a buga sanarwar neman ma'aikaci, a rasa mai nema, ba don aikin ba shi da daraja ba, sai don wanda ya yarda ya zo ba zai samu gidan haya ba. Gidaje da dama sun koma na masu zuwa hutu da na hayar 'yan yawon buɗe ido, gina sabo kuma yana da tsada domin kowane buhun siminti da kowane katako sai ya hau jirgi.

Gwamnatin Sikotlan ta taɓa kawo shawarar ba iyalai 100 kuɗi har zuwa fam 50,000 kowanne domin su zauna ko su koma tsibirai, mazauna tsibiran da kansu suka nuna ba su gamsu ba, aka janye shirin a 2022. Hujjarsu mai ƙarfi ce: kuɗi a hannun iyali ɗaya ba ya gyara jirgi, ba ya samar da wurin renon yara, ba ya gina gida. Daga watan Afrilu na 2024 an ba ƙananan hukumomi damar ninka harajin gidan da ba shi ne mazaunin mai shi na dindindin ba. A wurina hukumar da ta ɗauki wannan kuɗi ta gina gidaje huɗu a ƙaramin tsibiri ta fi wadda ta gina arba'in a gefen babban gari, domin arba'in ɗin daga ƙananan tsibiran za su jawo mazaunansu.

Malama Zainab:

Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma wannan ne ya sa nake ganin ci gaban da ya fi ɗorewa shi ne wanda jama'a suka riƙe da hannunsu, hukuma ta tsaya a bayansu. Tsibirin Eigg ba ya cikin hukumomi ukun da Malam ya ambata, yana ƙarƙashin majalisar Highland ne, amma darasinsa ya shafe su. Shekaru da dama yana hannun attajirai masu sayensa suna sayarwa, mazauna ba su da tabbacin gidajen da suke ciki. A 1997 suka tara kuɗi suka saye tsibirin ta hanyar wata ƙungiyar amana wadda ita ƙaramar hukumar ma tana da kujera a cikinta. A 2008 suka kunna wutar lantarkinsu ta kansu daga ruwa da iska da hasken rana, suka kuma amince cewa kowane gida ba zai ja fiye da kilowat 5 a lokaci guda ba, wurin sana'a kuwa kilowat 10. Mutanen da ba su kai 70 ba a lokacin sayen sun haura 100. Babu wani jami'i daga nesa da zai iya ƙayyade wa mutane wutar da za su sha su yarda, amma da yake su suka yanka wa kansu, sun kiyaye.

A Tsibiran Yamma ma mafi yawan jama'a yanzu a kan filayen al'umma suke zaune, tun daga amanar Stornoway ta 1923 har zuwa sayen arewacin Harris a 2003 da kudancin Uist a 2006. Irin wannan aka gani a tsibirin Samso na ƙasar Danmak, inda bayan 1997 manoma da ƙungiyoyin gama-kai suka sayi injinan iska, ƙaramar hukumar kanta ta sayi biyar daga cikin goma da aka kafa a teku.

Alhaji Umaru:

Malama, ina girmama abin da mutanen Eigg suka yi, amma kada mu mai da shi hujjar da hukuma za ta sauke nauyinta a kan 'yan sa-kai. A tsibirin da ke da manya 40, mutum biyar ko shida ne ke zama a kowane kwamiti, su ne na wuta, su ne na tasha, su ne na gidaje, bayan kuma suna da sana'arsu da iyalinsu. Idan suka gaji, ko biyu daga cikinsu suka saɓa, aiki ya tsaya. Kansila kuwa zaɓensa aka yi, ana binciken asusunsa, ana iya kayar da shi. Ko da hukuma ta yi kuskure babba akwai wanda za a tuhuma. A 1991 majalisar Tsibiran Yamma ta yi asarar kimanin fam miliyan 24 da ta ajiye a bankin BCCI lokacin da ya durƙushe, aka yi bincike, manyan jami'ai suka rasa muƙamansu, aka kuma ɗauki shekaru ana biyan bashin da aka ci domin cike giɓin. Abin ya yi ciwo, amma an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Makaranta da kula da tsofaffi da jirgin fito haƙƙi ne na ɗan ƙasa, bai kamata su dogara da ko tsibiri ya yi sa'ar samun mutane masu ƙwazo ba.

Nasiru:

Baba Alhaji, na fahimta. To, shin akwai wata doka da ta tilasta wa gwamnati da ƙananan hukumomi su duba halin tsibirai kafin su yanke hukunci, ko kuwa sai yadda shugaba ya ga dama?

Malam Sani:

Akwai, Nasiru, kuma ƙananan hukumomin nan uku ne suka nemo ta. A 2013, ana shirin ƙuri'ar raba gardama kan 'yancin Sikotlan ta 2014, shugabanninsu suka haɗa kai suka ce duk yadda ƙuri'ar ta kaya, tsibirai na son ƙarin iko a kan al'amuransu. Sakamakon haka majalisar dokokin Sikotlan ta zartar da Dokar Tsibirai a 2018. Dokar ta wajabta wa gwamnati fitar da tsarin ƙasa na tsibirai, wanda na farko ya fito a watan Disamba na 2019. Ta kuma wajabta wa hukumomi, har da su ƙananan hukumomin, su yi nazarin tasiri a duk lokacin da wata manufa za ta shafi mazauna tsibiri ta hanyar da ta bambanta da sauran jama'a. Sannan ta ba da damar a yanka mazaɓa mai kansila ɗaya ko biyu, domin kada a haɗa ƙaramin tsibiri da babban yanki muryarsa ta ɓace.

Sai dai nazarin tasiri ba ya hana yanke hukunci, yana dai tilasta a rubuta abin da hukuncin zai jawo, kuma doka ba ta zo da kuɗin sayen jirgi ba. Wannan ne ya sa a watan Yuli na 2023 majalisar Orkney, bisa ƙudurin shugabanta na lokacin James Stockan, ta amince a binciki wasu hanyoyin mulki, har aka ambaci tsohuwar alaƙarsu da ƙasar Nowe, wadda tsibiran ke ƙarƙashin sarautarta kafin 1472. Gwamnatin Landan ta yi watsi da batun nan take, amma kowa ya gane cewa tsofaffin jirage da ƙarancin kaso ne suka kai su ga wannan magana.

Akwai kuma abin da ya rage a wuyan jama'a da kansu. Mafi yawan kansilolin tsibiran ba 'yan jam'iyya ba ne, wanda ke sa a zaɓi mutum saboda an san shi, amma a zaɓen 2017 ko mace ɗaya ba a zaɓa ba a majalisar Tsibiran Yamma, sai a 2022 aka samu biyu. Majalisar da ke yanke hukunci kan renon yara da kula da tsofaffi, alhali matan da suka fi ɗaukar wannan nauyi ba sa cikin zauren, dole ne wasu abubuwa su wuce ta ba ta gani ba.

Injiniya Kabiru:

Ina so in ƙara maganar wuta da intanet, domin a nan ma ana ganin tazarar da ke tsakanin babban aiki da amfanin talaka. A 2024 aka kammala tashar iska ta Viking a Shetland mai injina 103 da ƙarfin megawat 443, aka kuma haɗa tsibiran da babban layin lantarkin Birtaniya a karon farko ta wayar ƙarƙashin teku. Tashar na iya samar da wutar da ta ninka buƙatar Shetland sau da yawa, amma farashin wuta ba ƙaramar hukuma ke yanke shi ba, kuma mazauna na cikin waɗanda suka fi kowa kashe kuɗi wajen ɗumama gida, saboda sanyi da iska da rashin bututun gas. Inda hukumar ta riƙe abu da hannunta an ga bambanci: a Lerwick ana ƙona shara a samar da ruwan zafi, a tura shi ta bututu zuwa gidaje da makarantu da asibiti, an rage shara an kuma rage kuɗin ɗumama. Fair Isle kuwa sai a 2018 ta samu wuta ta sa'o'i 24, kuma ƙungiyar mazaunanta ce ta jagoranci aikin.

A watan Oktoba na 2022 wayar sadarwa ta ƙarƙashin teku ta lalace, Shetland ta wayi gari layukan waya da intanet sun yanke, na'urorin biyan kuɗi da kati suka daina aiki, har 'yan sanda suka ayyana babban lamari. Duk hukumar da ke mayar da hidimarta kan intanet ta tuna da wannan rana.

Hajiya Binta:

Injiniya, wannan gargaɗin ya shafi abin da nake ganin ya fi kowane ba da fata a fannin ilimi. A 2016 majalisar Tsibiran Yamma ta kafa e-Sgoil, makarantar da malami ke koyarwa kai tsaye ta bidiyo, ta yadda ɗalibi a Barra zai iya ɗaukar darasin da babu malaminsa a tsibirinsa, kuma lokacin annobar korona ɗalibai a duk faɗin Sikotlan sun amfana da ita. Ƙaramar hukuma mai mutane 26,000 ce ta ƙirƙiro abin da manyan birane suka zo suka ara. Amma kwamfuta ba ta share wa yaro hawaye, ba ta lura da wanda ya zo bai karya ba, saboda haka dole a bar babban mutum a ajin ko da yara uku ne, darasin ya zo ta waya, tarbiyya ta zauna a gida. Idan aka yi haka, hujjar rufe ƙaramar makaranta saboda rashin malamin kimiyya ko na lissafi ta ragu ƙwarai.

Abin da zan roƙi kowace majalisa cikin ukun shi ne ta daina ba da rahoton ayyukanta a dunƙule. Ta fitar da alƙaluma tsibiri-tsibiri a kowace shekara: yara nawa ne a makaranta, sau nawa aka soke tashin jirgi, tsofaffi nawa ke jiran mai kula da su, gidaje nawa ne babu kowa a ciki lokacin hunturu.

Alhaji Umaru:

Hajiya, na goyi bayan wannan, da sharaɗin a ƙara layi ɗaya a rahoton, wato nawa aka kashe a kan kowane tsibiri da kuma inda kuɗin ya fito. Yarjejeniyar bunƙasa tsibirai da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023 ta kawo fam miliyan 100, rabi daga Landan rabi daga Edinbara, za a raba wa hukumomi uku cikin shekaru goma, kuma ayyukan da aka ware wa kuɗin ba su haɗa da sabunta jiragen fito ko haƙa ramukan da Injiniya ke so ba. Wannan lissafin yana nan yana jiran wanda zai biya, kuma ina so in ji daga Injiniya ko mutanen Yell da Unst za su yarda su riƙa biyan kuɗin wucewa na shekaru masu yawa kamar yadda mutanen Faro ke yi, ganin cewa mutanen tsibirin Skye na Sikotlan sun yi ta adawa da kuɗin gadarsu tun daga 1995 har aka soke shi a 2004.